Egas Moniz, Likitan Da Ya Fara Ɗaukar Hoton Hanyoyin Jini Na Ƙwaƙwalwa

Akwai wata cuta wadda takan zauna cikin kan mutum shekara da shekaru ba tare da ta nuna wata alama ba. Manyan jijiyoyin da ke kai jini ga ƙwaƙwalwa sukan hau ta wuya, su haɗu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwar su yi zobe, sa'an nan su rarrabu rassa rassa. To, a irin waɗannan mararraba ne wani lokaci bangon jijiya kan yi rauni, jini ya yi ta bugunsa dare da rana har wurin ya kumbura ya yi ɗan ƙullutu, kamar yadda robar cikin tayar keke take kumbura a inda ta siɗe. Likitoci suna kiran wannan ƙullutu aniyurizim. Sau da yawa bai wuce girman ƙwayar wake ba, kuma masu bincike sun ƙiyasta cewa cikin baligai 100 akwai kamar 3 da ke ɗauke da shi. Yawancinsu har su tsufa wata cuta dabam ta zama ajalinsu ba su san da shi ba. Amma ran da ya fashe, jini ya malala kewaye da ƙwaƙwalwa, sai mutum yana zaune lafiya lau ya ji ciwon kai irin wanda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi, ya yi amai, wuyansa ya sanƙare, ko ma ya faɗi sumamme. Kimanin sulusin waɗanda abin ya faɗa wa, ko fiye, ba su tashi. Waɗanda suka tashi kuwa da yawansu sukan tashi da nakasa.

A manyan asibitocin duniya yau ana iya toshe wannan ƙullutu ba tare da an taɓa ƙoƙon kai ba. Likita zai huda jijiya a gindin cinya ko a wuyan hannu, ya zura wani siririn bututu, ya yi ta tura shi ta cikin hanyar jini yana kallon tafiyarsa a allon hoto, har ya isa bakin ƙullutun can cikin kai. Mutumin da za mu ba da tarihinsa yau bai taɓa yin wannan aiki ba, bai ma rayu ya gan shi ba. Amma hoton nan da likita ke kallo sa'ad da yake tura bututu, shi ya fara ɗaukar irinsa, kuma ba domin hoton ba da babu aikin. Sunansa Egas Moniz, mutumin ƙasar Fotugal.

An haife shi ran 29 ga watan Nuwamba 1874 a wani ƙauye mai suna Avanca a arewacin Fotugal, cikin gidan masu gonaki da asali. Sunan da aka raɗa masa António Caetano de Abreu Freire. Egas Moniz kuwa sunan wani babban bafade ne na ƙarni na 12, wanda ya yi renon sarkin Fotugal na farko. Wani baffansa limamin coci, wanda ya ɗauki nauyin karatunsa na fari, shi ya sa aka ƙara masa wannan suna, domin ya gaskata cewa gidansu daga zuriyar bafaden ya fito. Ya yi karatun likita a Jami'ar Coimbra, tsohuwar jami'ar ƙasar, ya gama a 1899, ya kama koyarwa a can. Ya yi ta zuwa Faransa ƙaro ilmin cututtukan jijiya da ƙwaƙwalwa, a Bordo da Faris, inda ya shaƙu da mashahuran malamai irin su Babinski da Sicard. A 1911 aka ba shi kujerar shaihun malami ta wannan fanni a sabuwar Jami'ar Lizbon.

Tun yana ɗan shekara 24 wani irin amosanin gaɓoɓi, wanda likitoci ke kira gawut, ya kama shi. A hankali ciwon ya nannaɗe masa yatsu har ya zama ba ya iya riƙe wuƙar fiɗa yadda ya kamata. Mai karatu ya riƙe wannan, domin duk ayyukan da suka ɗaukaka sunansa, hannun wani ne ya aikata su.

Likita a fagen siyasa

Rabin farko na rayuwarsa siyasa ce ta ci shi. Tun yana saurayi ya shiga Majalisar Dokoki, zamanin Fotugal tana ƙarƙashin sarki. A watan Janairu 1908 yana cikin waɗanda aka kama aka tsare saboda yunƙurin kifar da gwamnatin João Franco. Bayan an kawar da sarauta a 1910 ya ci gaba da siyasa, ya kafa jam'iyyarsa ta masu matsakaicin ra'ayi a 1917. A 1918 ya zama Jakadan ƙasarsa a Madarid, sa'an nan Ministan Harkokin Waje, kuma shi ya ja ragamar wakilan Fotugal zuwa taron sulhu na Faris bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Amma a watan Disamba na wannan shekara aka harbe Shugaban Ƙasa Sidónio Pais, wanda shi ne ginshiƙinsa, kuma kafin a sa hannu a kan yarjejeniyar aka musanya shi da wani. Daga nan ya yi sallama da mulki ya koma asibiti. Ya kasance kuma mutum mai son alƙalami. Ya rubuta tarihin marubuci Júlio Dinis, har da littafi a kan tarihin karta.

Sa'ad da ya fara binciken da ya sa muke tunawa da shi, a 1926, yana da shekara 51, watau lokacin da tsararrakinsa suka fara lissafin barin aiki.

Matsalar da ta dame shi ita ce ta ƙarin da kan fito a cikin ƙwaƙwalwa. Hoton eksire, wanda Röntgen ya gano a Jamus a 1895, yana nuna ƙashi sarai, amma ƙwaƙwalwa da jijiyoyinta ba su fita a cikinsa, sai dai duhu bai ɗaya. Likita yakan tabbata akwai ƙari a kan majiyyaci, amma bai san a wane ɓangare zai buɗe ba. A 1918 wani likitan Amurka, Walter Dandy, ya fito da dabarar ɗura iska a cikin kogunan ƙwaƙwalwa domin su fito a hoto, dabara mai amfani amma mai azabtar da majiyyaci, ga kuma haɗari. Sicard kuma a Faris ya yi amfani da wani mai da ke ɗauke da aidin wajen ɗaukar hoton hanyar laka. Tunanin Moniz shi ne: in aka sami ruwan da hasken eksire ba ya ratsawa, aka ɗura shi cikin babbar jijiyar wuya, aka ɗauki hoto a daidai lokacin da ruwan ke bi ta cikin kai, to, jijiyoyi za su fito kamar rassan itace. In kuwa akwai ƙari, zai ture jijiyoyin daga mazauninsu, ya tona asirin kansa.

Faɗar abin ya fi yinsa sauƙi. Ruwan dole ya yi kaurin da zai fito ta bayan ƙashin kai, kuma dole ya zama wanda ƙwaƙwalwa za ta jure. Jini kuma ba ya jiran mai hoto, cikin daƙiƙoƙi kaɗan ya kwashe ruwan ya wuce. Moniz ya ɗauki wani matashin likita, Pedro Almeida Lima, wanda ya zama hannunsa, kuma wanda daga baya ya kafa aikin fiɗar ƙwaƙwalwa a Fotugal. Suka fara da sa kwalaben magunguna iri iri a cikin ƙoƙon kai suna ɗaukar hoto, domin su ga wanne ya fi fitowa. Suka gwada a jikin karnuka, suka gwada a kan gawawwaki, har suka san tsarin jijiyoyin kai yadda yake a hoto. Sa'an nan suka juya ga masu rai.

Da gishirin buromin suka fara. Gwaji na farko, na huda jijiya ta cikin fata, bai ba da kome ba, domin allura takan kuskure ko ta zame. Sai suka koma tsaga wuya su fito da jijiyar a fili, su ɗaure ta na ɗan lokaci, su ɗura ruwan. A majiyyaci na shida aka sami hoton da ya nuna jijiyoyi, amma jini ya daskare a cikin jijiyar wuyansa, bayan awa takwas ya mutu. A nan ya kamata a faɗi gaskiya. Mutanen nan da aka yi gwaji a kansu masu tsananin ciwon ƙwaƙwalwa ne, kuma babu hukumar asibitin da za ta yarda da irin wannan gwaji a zamaninmu. Mutuwar ta girgiza Moniz ƙwarai, ya dakatar da aikin. Da ya dawo, sai ya watsar da buromin ya koma ga gishirin aidin, kashi 25 cikin 100 a ruwa.

Ran 28 ga watan Yuni 1927, a Lizbon, aka ɗura wannan ruwa a jijiyar wani saurayi ɗan shekara 20 wanda ƙari ya fito masa a gindin ƙwaƙwalwa. Hoto ya fito, jijiyoyi suka bayyana, ga su a ture daga inda ya kamata su kasance, saurayin kuma ya tashi. Moniz bai ɓata lokaci ba. Ran 7 ga watan Yuli, watau bayan kwana tara, yana gaban ƙungiyar likitocin jijiya ta Faris yana nuna musu hotunan, Babinski da Sicard suna zaune. A 1931 ya fitar da babban littafi da Faransanci a kan hanyar, Babinski ya rubuta masa gabatarwa. Abokan aikinsa na Lizbon suka kai dabarar ga sauran sassan jiki. A 1929 Reynaldo dos Santos ya ɗauki hoton babbar jijiyar ciki da ita.

Akwai tabo guda a nan ma. Gishirin aidin na wancan lokaci yana sa zafi, wani lokaci har da farfaɗiya. Saboda haka a 1931 Moniz ya koma ga wani ruwa mai suna Thorotrast, wanda ke ba da hoto garau kuma majiyyaci ba ya jin kome. Ashe ruwan yana ɗauke da wani ƙarfe mai fitar da turirin nukiliya, wanda ba ya barin jiki, sai ya taru a hanta da saifa. Bayan shekara 20 ko 30 mutane da yawa da aka ɗura wa shi a ƙasashe dabam dabam suka kamu da sankarar hanta da ta jini. Sai a wajen shekarun 1950 aka daina amfani da shi.

Ƙari Moniz ya fita nema, amma hotonsa ya fi amfani ga cututtukan jijiyoyin kansu. Kafin zamaninsa, aniyurizim abu ne da galibi ba a ganinsa sai an buɗe kan mamaci. A 1931 Norman Dott, wani likita a Edinbara ta Sikotlan, ya buɗe kan wani majiyyaci wanda ƙullutunsa ya fashe, ya naɗe wurin da tsokar da ya yanko daga ƙafarsa, mutumin ya rayu. Amma da alamun ciwo kawai ya laluba wurin. A 1933 Dott ya yi amfani da hanyar Moniz ya ga ƙullutu a hoto kafin ya yi aiki, kuma a wannan shekara Moniz kansa ya buga hoton irin wannan ƙullutu. Daga nan likita ya sami ikon sanin inda ƙullutu yake, da girmansa, da faɗin wuyansa, da jijiyar da ya tsiro a kai. A watan Maris 1937 Dandy, a asibitin Johns Hopkins, ya buɗe kai ya matse wuyan ƙullutu da wani ɗan maƙalin azurfa, jini ya ci gaba da wucewa ta jijiyar bai shiga ƙullutun ba. Wannan aiki na buɗe kai a sa maƙali shi ya zama babban magani har fiye da shekara 50.

Lambar yabo a kan wani abu dabam

Tun 1928 aka fara ba da sunan Moniz domin lambar yabo ta Nobel saboda hoton jijiyoyi, aka sake bayarwa, masu zaɓe suka ƙi. Da ya tsaya a nan, da tarihinsa ya zo da sauƙin rubutawa.

A 1935 ya halarci taron likitocin jijiya na duniya a Landan, inda waɗansu masana biyu na Amurka, Fulton da Jacobsen, suka ba da labarin birai da aka cire wa gaban ƙwaƙwalwa, ɗayansu ta daina fushi da firgita. Moniz yana da ra'ayin cewa waɗansu cututtukan taɓin hankali suna faruwa ne domin tunani ya maƙale a hanya guda a gaban ƙwaƙwalwa, in aka yanke hanyar sai mutum ya huta. Babu wata hujja mai ƙarfi da ta tabbatar da haka. Duk da haka, ran 12 ga watan Nuwamba 1935, Almeida Lima ya huda kan wata mata bisa umurninsa, ya ɗura barasa tsantsa domin ta kashe zaruruwan wurin. Daga baya suka ƙera wani ɗan ƙarfe mai waya a baki na yanka. Cikin 'yan watanni suka yi wa mutum 20, Moniz ya ba da sanarwa a 1936 cewa 7 sun warke, 7 sun sami sauƙi, 6 ba su sāke ba.

A ganinmu, halin da ya taimake shi a 1927 shi ya kā da shi a nan, watau gaggawa da yarda da kai. A aikin hoto, ko an dace ko ba a dace ba, da an wanke hoton kowa zai gani da idonsa. A aikin yankan ƙwaƙwalwa kuwa babu hoton da zai nuna abin da aka raba mutum da shi, sai an zauna da shi wata da watanni, Moniz kuwa kwanaki ko makonni kaɗan ya bi yawancin majiyyatansa kafin ya yanke hukunci. Sobral Cid, likitan masu taɓin hankali wanda daga asibitinsa aka kawo waɗansu daga cikinsu, ya fito fili ya ce abin da ake kira sauƙi lalacewar mutum ce kawai. Ba a saurare shi ba. A Amurka Walter Freeman ya ɗauki aikin tun 1936, daga baya ya mai da shi abin yi cikin 'yan mintoci ta kwarmin ido. Dubun dubatar mutane aka yi wa a Amurka da Ingila da ƙasashen arewacin Turai. Da yawa suka yi shiru, suka daina damun masu jiyya, amma suka zama ba himma, ba kunya, ba sanin ya kamata. Waɗansu suka mutu.

A watan Maris 1939 wani majiyyacinsa mai taɓin hankali, wanda ba ya cikin waɗanda aka yi wa yankan, ya shiga ofishinsa ya ɗirka masa harsasai. Ya yi jiyya ya tashi. Ya bar koyarwa a 1944. A 1949 aka ba shi lambar Nobel ta fannin likita, tare da Walter Hess na Suwizalan, kuma saboda yankan ƙwaƙwalwa aka ba shi, ba a ambaci hoton jijiyoyi ba. Shi ne mutumin Fotugal na farko da ya sami wannan lamba. Shekara ɗaya bayan haka Tarayyar Sobiyat ta hana yin aikin a ƙasarta, a 1952 kuma aka fara amfani da maganin kulofuromazin a Faransa, aikin yanka ya yi ta ja da baya har ya mutu. Iyalan waɗansu da aka yi wa sun nemi a janye lambar, hukumar Nobel ba ta janye ba. Moniz ya mutu a Lizbon ran 13 ga watan Disamba 1955, yana da shekara 81, bai bar 'ya'ya ba. Gidansa na Avanca ya zama gidan tarihi.

Daga gani zuwa magani

Shekara biyu kafin mutuwarsa, a 1953, wani likitan hoto na Suwidin, Sven Seldinger, ya fito da dabarar da ta kawar da tsaga wuya: a huda jijiya da allura, a zura siririyar waya ta cikinta, a zare allurar, a bi wayar da bututu. Da wannan aka sami ƙofar shiga hanyoyin jini daga cinya. Sai tambaya ta taso, tun da bututu na iya kai ruwan hoto har cikin kai, me zai hana ya kai magani? A cibiyar Burdenko ta Mosko, Fyodor Serbinenko ya shafe shekaru yana ƙera 'yan ƙananan balan-balan waɗanda jini ke ja zuwa cikin jijiyoyin ƙwaƙwalwa, a hura su, a bar su a can. Ya bayyana sakamakonsa ga duniya a 1974. Amma balan-balan siffa ɗaya gare ta, ƙullutu kuwa kowanne da tasa siffa, kuma bangonsa ba ya son matsi.

Wani likita ɗan Italiya, Guido Guglielmi, wanda ke aiki a Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjalis, shi ya warware wannan. Ya ƙera wata naɗaɗɗiyar waya mai laushi ƙwarai ta ƙarfen filatinam, manne da wayar turawa. In aka tura ta cikin ƙullutu sai ta nannaɗe ta bi siffarsa. Likita ya duba hoto. In zamanta bai yi masa ba ya janye ta ya sake, in ya yi sai ya saki 'yar wutar lantarki kaɗan ta narkar da mahaɗin, wayar ta zauna. A yi ta ƙarawa har ƙullutu ya cika, jini ya daskare a cikinsa, ya daina shiga. An fara amfani da ita a jikin mutum a 1990, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 1995.

Wannan karon ba a bar hukunci ga mai dabarar ba. An yi babban gwaji wanda likitocin Okisfod suka jagoranta, na majiyyata 2,143 waɗanda ƙullutunsu ya fashe kuma ya dace da kowace hanya, aka raba su ta hanyar ƙuri'a. Sakamakon da aka buga a 2002 ya nuna cewa bayan shekara ɗaya, kusan 31 cikin 100 na waɗanda aka buɗe wa kai sun mutu ko sun zama sai an taimake su, alhali a cikin waɗanda aka sa wa waya kusan 24 ne. Gwajin ya kuma nuna aibin sabuwar hanyar: wayar takan danne bayan lokaci, ƙullutu ya sake buɗewa, saboda haka ana bukatar majiyyaci ya riƙa komowa ana duba shi, kuma an fi sake yi wa waɗanda aka sa wa waya aiki. Akwai kuma ƙullutun da har yanzu buɗe kai ya fi dacewa da shi, musamman mai faɗin wuya, ko wanda wata jijiya ta tsiro daga jikinsa. Domin irin waɗannan ne aka ƙera wata 'yar raga ta ƙarfe da ake shimfiɗawa a cikin jijiya ta karkatar da jini daga bakin ƙullutu, wadda aka amince da ita a Amurka a 2011.

Ruwan da ake ɗurawa domin ɗaukar hoton a duk waɗannan ayyuka har yanzu na aidin ne, sai dai an sarrafa shi yadda ƙoda za ta fitar da shi ta fitsari.